Doom na 1993: ina ƙarfinsa yake, ina kuma ya gaza?

Tambaya: Ina yawan jin masu wasannin kwamfuta suna kambama Doom na farko, wanda ya fito tun 1993, har wasu na cewa ba a sake yin wasan harbi kamarsa ba. Ni kuwa da na kalli hotunansa sai na ga zane mai kaushi, wanda ko ƙaramar wayar hannu ta wuce shi. Mene ne ainihin ƙarfin wannan wasa, ina rauninsa yake, kuma ya dace wanda ya saba da wasannin zamani ya ba shi lokacinsa?

Amsa: Malam, abin da idonka ya gani gaskiya ne, domin an gina Doom ne a kan fuskar kwamfuta mai ɗigo 320 a kwance da 200 a tsaye, da launuka 256 kacal, kuma babu wata dabarar magana da za ta mayar da wannan zane ya zama na yau. Sai dai wanda ya auna wasan da hoton da ke tsaye bai ga komai ba tukuna, saboda darajar Doom tana cikin motsi ne. Ra'ayina, bayan shekaru ina buga shi ina kuma buɗe taswirorinsa don ganin yadda aka ɗinka su, shi ne cewa ƙarfinsa da rauninsa daga tushe ɗaya suka fito, wato daga iyakokin injin da aka gina shi a kai, ma'ana manhajar da ke zana duniyar wasan tana kuma tafiyar da ita.

Kamfanin id Software, wanda a lokacin yake garin Mesquite a jihar Texas ta Amurka, shi ya saki wasan a ranar 10 ga Disamba, 1993, don kwamfutoci masu aiki da MS-DOS. John Carmack ne ya rubuta injin, John Romero da Sandy Petersen suka tsara yawancin matakan, Adrian Carmack da Kevin Cloud suka yi zane, Bobby Prince kuma ya yi kiɗa da sauti. An raba wasan kashi uku, kowane kashi da matakai 9, aka kuma bayar da kashin farko kyauta ga duk mai so ya kwafa ya ba abokinsa, wanda ya ji daɗi sai ya aika kuɗi a turo masa sauran biyun. Wannan salon ciniki ya taimaka ƙwarai wajen bazuwar wasan a ofisoshi da jami'o'i.

Abin da Carmack ya yi shi ne ya yaudari ido. Kwamfutar wancan zamani, mai ƙwaƙwalwa samfurin 386 ko 486 da ma'adanar aiki ta megabait 4, ba za ta iya lissafa cikakkiyar duniya mai tsawo da faɗi da zurfi cikin sauri ba. Saboda haka taswirar Doom a haƙiƙa shimfiɗaɗɗiya ce kamar zanen fili a takarda, an yanka ta yanki-yanki, kowane yanki an ba shi tsayin daɓe da tsayin rufi da ƙarfin haske. Daga waɗannan lambobi injin ke tayar da matakala da rami da taga da dandamali. Dodannin kuma ba jiki gare su ba, hotuna ne da aka ɗauka ta kusurwa takwas, injin yana zaɓar wanda ya dace da inda kake tsaye. Idan ka kwatanta da Wolfenstein 3D, wanda kamfanin ya fitar a 1992, inda duk bango tsayinsa ɗaya kuma duk kwana a miƙe take kamar gidan dara, za ka gane dalilin da ya sa mutanen 1993 suka riƙe baki.

Sauƙin wannan lissafi shi ya ba wasan saurinsa, saurin kuma shi ne jigon komai. Sojan da kake sarrafawa yana gudu fiye da kusan duk abin da ke farautarsa, har ya fi ƙwallon wutar da dodon da ake kira Imp ke jefowa sauri. Ba a sake loda bindiga, ba a laɓewa bayan bango ana jiran rauni ya warke da kansa, kuma kana ɗauke da duk makaman da ka tsinta a lokaci guda. Kariyarka ita ce ƙafarka. Idan aka jefo wuta, kana ganinta tana tahowa, kana da lokacin gocewa gefe, kuma idan ta same ka ka san laifinka ne. Wannan adalci shi ne abin da na fi yaba wa wasan, domin mutuwa a cikinsa galibi darasi ce, ba zalunci ba.

Dodannin an tsara su yadda kowanne ke yi maka tambaya daban. Matattun sojoji masu bindiga, waɗanda suka tashi suka zama abokan gaba, ba su da ƙwari, amma harsashinsu yana isowa nan take ba a goce masa, don haka su ake fara kashewa. Imp yana jifa daga nesa. Jan dodon nan mai kama da bijimi, wanda 'yan wasa ke kira Pinky, ba ya jifa ko kaɗan, aikinsa ya tare maka hanya ya matse ka a lungu. Cacodemon, wani jan ƙullutu mai ido ɗaya, yana shawagi a sama ya ƙetare ramin da ka ɗauka ya raba ku. Kowanne da siffarsa da launinsa da kukansa, ta yadda ko a ɗaki mai duhu, da ka ji gurnani ka san abin da ke tafe. Ɗaya-ɗaya ba su da wahala, amma idan mai tsara mataki ya haɗa masu bindiga a kan dandamali, Pinky biyu a ƙasa, da Imp a bayan taga, sai ɗakin ya zama lissafi da dole ka warware cikin daƙiƙa biyu: wa zan fara kashewa, ina zan tsaya, ta ina zan fita. Kaushin zanen da ka ƙi ma yana taimakawa a nan, domin babu ƙura ko hayaƙi ko walƙiyar ado da za ta ɓoye maka abokin gaba.

Akwai kuma wata dabara da har yau ba kasafai ake samunta da kyau haka ba, wato faɗan dodanni a tsakaninsu. Idan harbin wani dodo ya sami wani na jinsi daban, wanda aka harba yakan juya ya rama, su manta da kai. Ka ɗauka ka shiga fili da harsashi kaɗan, ga Baron of Hell, ƙaton dodo mai ƙaho, ga kuma garken Imp a bayansa. Maimakon ka yi harbi, sai ka zagaya yadda Baron zai kasance tsakaninka da su. Ƙwallon wuta ɗaya ya faɗa masa a baya, sai ka ga ya juya a fusace yana yayyaga su ɗaya bayan ɗaya, kai kuwa kana gefe kana tattara harsashi. Mataki na 20 a Doom II, wasan da ya biyo bayan wannan, an gina wani sashensa ne kacokan a kan wannan, inda aka ajiye manyan dodanni biyu mafi ƙarfi a wasan kusa da juna don mai wayo ya haɗa su faɗa.

Makaman ma kowanne da gurbinsa. Bindigar farauta mai fesa ƙwayoyi 7 a harbi ɗaya ita ce abokiyar tafiya, kuma ƙararta da yadda soja ke jan mariƙinta baya bayan kowane harbi suna cikin abubuwan da suka sa hannu ke jin daɗin wasan. Bindiga mai jigida tana hana ƙananan dodanni sakat, domin duk harsashin da ya same su yana iya sa su ɗan daskare don zafi. Roka tana share taro, amma idan ka harba ta kusa da bango kai ma ka tafi. Babbar bindigar nan BFG 9000 tana cin ƙwayar wuta 40 a harbi guda, don haka ba a taɓa ta sai rana ta ɓaci. Tun da lafiya ba ta dawowa da kanta, akwatin magani da ka gani a lungu dukiya ce, kuma ɗan wasa mai hankali yakan bar shi a wurin ya riƙe a ransa inda yake, ya dawo gare shi bayan an ji masa ciwo.

A wajen tsara matakai, kashin farko, wanda Romero ya yi yawancinsa, shi ne gwanin. Ka duba matakin farko kawai. Kana buɗe ido a wani zaure, a hagunka akwai matakala da ke kaiwa ga koriyar rigar sulke a kan dandamali, ta taga kuma kana hango wani fili a waje mai tafkin koren guba da shuɗiyar rigar sulke a tsakiyarsa, ba tare da ka ga hanyar zuwa can ba. Babu wanda ya rubuta maka umarni, amma an riga an koya maka abu biyu: cewa leƙa gefe yana da lada, kuma cewa akwai ɓoyayyun hanyoyi. Gaba kaɗan sai ga wata siririyar hanya mai lanƙwasa a kan guba, da Imp a can sama yana jifa, a nan kake koyon gocewa ba tare da ka faɗa ba. Matakan Romero suna yawan zagayowa su dawo da kai inda ka taɓa wucewa ta wata sabuwar ƙofa, shi ya sa mutum ke haddace su kamar unguwarsu. Haske ma makami ne a hannunsa, domin sau da yawa kana ɗaukar makulli fitila za ta mutu, bango ya buɗe a bayanka.

To, daga nan rauni ke farawa, kuma bai kamata masoyan wasan su riƙa ɓoye shi ba. Tun da taswirar shimfiɗaɗɗiya ce, ba a iya ɗora ɗaki a kan ɗaki, ba a yin gada ta gaskiya da za ka bi ta sama kuma ka bi ta ƙarƙashinta, kuma babu daɓe mai gangara. Ba ka iya ɗaga kai sama ko sunkuyar da shi, ba ka iya tsalle, har ƙaramin dakali da bai wuce gwiwa sosai ba yana iya tsayar da sojan da ya kashe dodanni ɗari. Idan abokin gaba yana sama, wasan ne ke daidaita maka saitin bindiga da kansa, kuma wani lokaci yakan zaɓi wanda ba shi kake nufi ba, ko rokarka ta bugi bakin dandamalin da ke gabanka ta fashe a fuskarka. Mafi ban haushi shi ne yadda injin asali ke ɗaukar kowane dodo kamar ginshiƙi marar iyaka a tsayi wajen tare hanya, ta yadda Cacodemon da ke can ƙololuwar rufi zai hana ka wucewa ta ƙarƙashinsa, ko dodon da ke ƙasan rami ya hana ka dirowa. Wanda ya saba da wasannin yau zai ji kamar an ɗaure masa wuya a sa'ar farko. Duke Nukem 3D da Quake, waɗanda duka suka fito a 1996, sun zo da tsalle da kallon sama da ƙasa, Quake kuma ya kawo cikakkiyar duniya mai zurfi ta gaskiya.

Rauni na biyu, wanda a ganina ya fi na farko cin rai, shi ne ɓata. Tsarin ci gaba a Doom bai wuce neman makulli shuɗi da rawaya da ja ba, da danna makunni. Idan mataki ya yi kyau, kana danna makunni za ka ga abin da ya buɗe. Idan bai yi kyau ba, sai ka ji ƙarar ƙofa a wani wuri can nesa, ka kama yawo a cikin ɗakunan da ka riga ka share, babu dodo babu kiɗan faɗa a zuciya, kana goga jiki a bango kana danna maɓalli ko Allah zai sa wani ya buɗe. Na taɓa shafe fiye da rabin sa'a a wani mataki na kashi na uku ina shiga na'urorin da ke ɗauke mutum daga wuri zuwa wuri, ina fitowa inda na baro, alhali faɗan matakin gaba ɗaya bai ci minti goma ba. Akwai taswirar da ake buɗewa da maɓalli ɗaya, tana taimakawa, amma layuka ne kawai, ba ta faɗa maka abin da ya canza. Kashi na biyu da na uku, waɗanda Petersen ya kammala cikin ƙurarren lokaci, wasu a kan aikin da Tom Hall ya fara kafin ya bar kamfanin, suna da dabaru masu ban mamaki, amma ingancinsu hawa da sauka ne, kuma wasu ɗakunan munana ne ƙwarai. A Doom II na 1994 matsalar ta ƙara fitowa a matakan da aka ce birni ne, domin injin ba ya iya zana birni, sai dogayen akwatuna masu launin ƙasa da aka jera a fili.

Manyan dodannin ƙarshen kashi ma ba su kai sunansu ba. Cyberdemon, wanda ke rufe kashi na biyu, mai ƙarfin jiki 4000 da roka a hannu, yana da ban tsoro a ganin farko, amma da zarar ka iya zagaya shi kana harbi, faɗan ya zama juyi kawai. Gizo-gizon ƙarfen da ke rufe kashi na uku ƙarfinsa 3000 ne, wato bai ma kai na kashi na biyu ba, kuma wanda ya iso da BFG yana gamawa da shi da harbi biyu ko uku daga kusa. Baron kuwa, mai ƙarfi 1000, yana shan kimanin harbi 15 na bindigar farauta ba tare da ya canza salo ba, wanda hakan gajiya ce kawai. Doom na farko yana da giɓi a tsakiyar jerin dodanninsa, kuma Doom II ne ya cike shi da irin su Revenant mai roka mai bin mutum, da Mancubus, da Arch-vile mai tayar da matattu, tare da bindiga mai baki biyu da ke cin harsashi biyu ta fesa ƙwayoyi 20. Saboda haka nake cewa faɗan Doom II ya fi, amma matakan kashin farko na Doom sun fi.

Labari kuwa kusan babu shi. Kai soja ne da aka tura sansanin wani kamfani a Phobos, ɗaya daga cikin watannin duniyar Mars, gwajin da ake yi ya ɓaci, dodanni suka ɓarko daga jahannama. Sauran bayani shafi ne na rubutu a ƙarshen kowane kashi. Ni wannan bai dame ni ba, amma wanda ke son wasa mai haruffa da hira da juyin labari, irin abin da Half-Life ya kawo a 1998, ba zai sami abincinsa a nan ba.

Akwai abin da ya wajaba in faɗa maka kai tsaye tun da ban san gidan da za a kunna wasan ba. Doom cike yake da jini da gawarwaki a rataye, kuma bangayensa, musamman daga kashi na biyu zuwa gaba, suna ɗauke da kawunan awaki da taurari masu ƙafa biyar da sauran alamomin da Turawa ke dangantawa da shaiɗan. A cikin wasan waɗannan abokan gaba ne da kake yaƙa, amma hotunan suna nan, kuma sun jawo ce-ce-ku-ce tun fitowarsa. A Jamus an sa shi cikin jerin abubuwan da aka taƙaita sayarwa saboda kare yara, ba a cire shi ba sai a 2011. Ba wasan yara ba ne, kuma babba ma yana da haƙƙin ya ga waɗannan zane-zane ya ce ba ya so.

Abin da ya tsawaita ran Doom fiye da duk tsararrakinsa shi ne yadda aka raba injin da kayan wasan. Taswirori da hotuna da sauti duk suna cikin fayil guda da ake kira WAD, don haka tun 1994 mutane suka fara ƙera nasu matakan suna rabawa. A Disamban 1997 kamfanin ya saki tushen rubutun manhajar ga jama'a, a 1999 kuma aka mayar da shi ƙarƙashin lasisin GPL, wanda ke ba kowa damar gyara shi da raba shi. Daga nan aka sami sababbin injuna da masu sha'awa suka rubuta. Chocolate Doom yana kwaikwayon na asali har da kurakuransa, GZDoom kuwa yana ba ka kallon sama da ƙasa da tsalle da hoto mai tsabta, wato yana gyara yawancin abin da na lissafa a matsayin raunin injin. Dubban matakai da jama'a suka yi cikin shekaru 30 sun haɗa da waɗanda suka fi na kamfanin kyau nesa ba kusa ba, kuma Romero da kansa ya dawo ya fitar da sabon kashi mai suna Sigil a 2019. Wasan kuma shi ya yaɗa faɗan 'yan wasa da juna ta hanyar haɗa kwamfutoci, har mutum huɗu a lokaci guda, abin da ya zama ginshiƙin wasannin harbi na yau. Sababbin wasanni irin su Dusk na 2018 da Ion Fury na 2019 sun koma wa wannan tsohon salo da gangan.

Ga wanda kwamfutarsa ba ta da ƙarfi ko datarsa ke da tsada, akwai wani alheri na zahiri: fayil ɗin wasan na asali gaba ɗaya bai kai megabait 15 ba, ba ya buƙatar intanet bayan an sauke shi, kuma tsohuwar laftof ta ofis tana ɗaukarsa ba tare da ta yi zafi ba.

Shawarata ita ce ka fara da kashin farko, a matakin wahala na uku daga cikin biyar, idan hannunka ya faɗa sai ka hau na huɗu, wanda a nan ne ake zuba dodanni cikakku. Ka bar na biyar, domin a can matattun dodanni suna tashi kuma an ƙara musu sauri, ba a yi shi don mai koyo ba. Ka sauya maɓallan zuwa tsarin zamani, hannun hagu a kan W da A da S da D, hannun dama a kan linzami, ka kuma kunna gudu na dindindin. Fitowar da aka sabunta a 2024, wadda ta haɗa Doom da Doom II wuri guda, ta isa ga mai farawa. Idan ka zaɓi GZDoom, ka kashe tsalle a matakan asali, saboda ba a tsara su da shi ba kuma zai ba ka damar tsallake rabin wasu matakan, ka kuma kashe tacewar da ke shafe ɗigon hoto ta mayar da dodanni kamar an shafa musu man shanu. Ka riƙa adana wasanka a farkon kowane mataki, domin idan ka mutu ba ka adana ba, za a mayar da kai farkon matakin da ƙaramar bindiga da harsashi 50 kawai. Matakai 9 na kashin farko ba za su ci maka fiye da yamma ɗaya ko biyu ba, kuma kafin ka kai ga Baron biyun da ke jira a mataki na takwas za ka riga ka san ko wasan naka ne.